Alhaji Alhassan Ɗantata, Attajirin Kano

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ya nufi Bompai ta gabas, ko kuwa ya yi kudu maso yamma zuwa Sharaɗa da Calawa, zai riƙa wuce waɗansu dogayen gine-gine masu rufin kwano, kewaye da katanga, ga manyan motoci suna shiga suna fita. Waɗannan su ne ma'aikatun Kano, watau masana'antu. A cikinsu ake jeme fata, da matse mai, da yin takalma da robobi da sabulu da alewa. Waɗansu suna aiki har yau, waɗansu kuwa an rufe su, ciyawa ta tsiro a bakin ƙofa.

Kafin a aza tubalin waɗannan gine-gine, galibin wuraren nan gonaki ne da ƙauyuka. Amma tun ɗaruruwan shekaru Kano ta riga ta yi suna wajen sana'a da ciniki. Akwai masaƙa, da marina, da majema, da dukawa, da maƙera, ga kuma fatake masu kai kayansu ƙasashe masu nisa. Daga wannan tsohon ciniki aka sami dukiya da gwanintar da suka jawo ma'aikatun zamani. Ga labarin wani mutum wanda ya ga zamanin ayari da jakuna, ya ga zamanin jirgin ƙasa, ya kuma rasu daidai lokacin da ake fara kafa ma'aikatun nan. Sunansa Alhaji Alhassan Ɗantata.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Alhassan a garin Bebeji, kudu da birnin Kano, a cikin shekara ta 1877, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Ubansa Abdullahi madugu ne, watau shugaban ayarin fatake. Zuriyarsu Agalawa ne. Agalawa kuwa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari, su ne suka fi kowa shahara a fataucin goro a ƙasar Hausa. Uwarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce.

Alhassan yana da shekara kamar takwas ubansa ya rasu. Aka raba gado, kowa ya ɗauki rabonsa. Uwarsa ta tashi ta koma Ankara, babban birnin ƙasar da ake kira Gana a yanzu, inda take da harkokin ciniki. Da yake Alhassan ƙarami ne, hanya kuwa tana da nisa da wahala, sai aka bar shi a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta yi renonsa, ta ci da shi, ta lura da shi, har mutane suka riƙa kiransa Ɗan Tata. Sunan nan ya bi shi har ƙarshen ransa, ya kuma bi 'ya'yansa da jikokinsa. Yau ana ganinsa a rubuce a jikin kamfanoni da manyan motoci, asalinsa kuwa sunan wata tsohuwa ne wadda ba ta mallaki kome ba.

Aka sa shi makarantar allo a nan Bebeji. Ba a daɗe ba ɗan abin da ya gada ya ƙare, sai ya shiga zaman da almajirai suke yi. In an tashi daga karatu ya yi wa malaminsa aiki, ya yi aikatau a gidajen mutane, wani lokaci ma sai ya yi bara kafin ya sami abin da zai ci. Kuɗin wancan zamani wuri ne. An ce tun a lokacin Alhassan ya yi asusu. In ya sami wuri kaɗan ba ya kashe su duka, sai ya jefa waɗansu a ciki. Da haka ya tara ɗan jarin da ya fara saye da sayarwa.

Hanyar Gwanja

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. Itacensa yana son ruwa da inuwa, saboda haka a kurmin ƙasar Asante ake samunsa da yawa. Daga can ake kawo shi kasuwar Salaga, a ƙasar Gwanja, inda fataken Hausa suke saye. Shi ya sa har yau in an ce Gwanja sai Bahaushe ya tuna da goro.

Tafiyar Gwanja ba ta rago ba ce. Fatake sukan taru su yi ayari, mutum ɗaruruwa, da jakuna da alfadarai da 'yan alaro. Sukan ɗauki tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano, da kanwa, da kayan fata, da gabu, watau busasshen ganyen albasa. Jagaba yana gaba yana nuna hanya, madugu yana lura da kowa da kowa. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yi ta tafiya wata da watanni. Kowace ƙasa suka shiga sai sun gai da sarkinta da kaya, kowane kogi sai sun biya kuɗin fito, ga kuma tsoron 'yan fashi dare da rana. Inda suka sauka su kwana shi ake kira zango.

Dawowa ta fi tafiya wuya, domin goro ba ya son zafi. Akan lulluɓe shi da ɗanyen ganye a ɗaure shi huhu huhu. Bayan 'yan kwanaki sai a kwance, a tsince wanda ya ɓaci, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Wanda ya yi sakaci sai ya iso gida da ruɓaɓɓen kaya, wahalarsa ta tashi a banza. Wanda ya lura kuwa, ya iso kasuwar Kurmi da goronsa lafiya, yakan sami riba mai yawa. Da ƙwarya ake lissafin goro, ƙwarya ɗaya goro ɗari ke nan.

A cikin 1892 aka yi yaƙi a Salaga, kasuwar ta watse. Fatake suka riƙa wucewa kudu, zuwa Kumasi da garuruwan bakin teku. Wajen wannan lokaci, Alhassan yana da shekara kamar goma sha biyar, ya bi wani ayari don ya je ya gano uwarsa. Bai tafi hannu sake ba. Ya sayi 'yan kayayyaki a Bebeji, ya sayar da waɗansu a hanya, ya ƙarasa sauran a Ankara.

An ce ya yi tsammanin in ya isa zai huta, tun da yake uwarsa mai wadata ce. Ashe ba haka ba ne. Kwana ɗaya kurum ya huta, ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani malami, ya zauna yana karatu yana aiki har ranar komowarsa. Ko da yake ya sha wuya, tafiyar ta amfane shi ƙwarai. Ya san hanya, ya san farashin kaya a kasuwanni daban daban, ya kuma ga teku da manyan jiragen ruwa na Turawa waɗanda suke zirga-zirga tsakanin garuruwan gaɓa. Abin nan ya zauna a zuciyarsa.

Yaƙin Basasa

Bai daɗe da komowa ba sai fitina ta tashi a ƙasar Kano. A cikin 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, Sarkin Musulmi ya naɗa ɗansa Tukur. Yusufu, ɗan Sarki Abdullahi, da 'yan'uwansa suka ƙi yarda, suka fita daga birni suka tara mayaƙa. Wannan shi ne yaƙin Basasa. Da Yusufu ya rasu, ƙanensa Alu ya gaje shi, ya ci birnin Kano a 1894.

Yaƙin ya ɓata garuruwa da yawa, aka kama mutane aka mai da su bayi, ciniki ya tsaya. Masu tarihi sun ce a cikin waɗanda aka kama har da Alhassan da 'yan'uwansa biyu, sai da aka biya fansa kana suka kuɓuta. Ga shi saurayi, ya yi maraici, ya yi talauci, ya kuma ɗanɗani bauta. Wani da sai ya yanke ƙauna. Shi kuwa da ƙura ta lafa sai ya koma kan fataucinsa.

Jirgin Ruwa da Jirgin Ƙasa

A cikin 1903 Turawan Ingila suka ci Kano. Al'amura suka fara sakewa. Wuri ya fara ja da baya, sule da sisi da kwabo suka shigo. Fatake da yawa suka ci gaba da bin tsohuwar hanyarsu da jakuna, kamar yadda suka gada. Alhassan kuwa ya tuna da jiragen da ya gani a bakin teku. Wajen 1906 ya fara ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, watau Legas. Tafiyar da takan ci makonni a ƙasa sai ta koma 'yan kwanaki, goro kuma ya iso bai bushe ba. Yana daga cikin mutanen Arewa na farko da suka yi wannan dabara. Ban da goro ya riƙa sayen duwatsun wuya da yadi na Turai yana kawowa gida.

A cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, a 1912 aka buɗe ta ga masu ciniki. Da fari in jirgi ya zo Jebba sai an yi fiton kaya a ƙetare Kwara, har aka gama gada a 1916. Zuwan jirgin ƙasa ya kashe tsohuwar hanyar ayari, madugai da yawa suka rasa abin yi. Amma Alhassan ya riga ya shirya, domin kayansa dama ta Ikko suke biyowa. Ya dawo birnin Kano da zama, ya gina gida a unguwar Sarari, wadda a lokacin fili ce babu gidaje da yawa.

Cinikin Gyaɗa

Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgi, auduga suka sa wa rai, domin masaƙun Ingila suna bukatarta. Amma masaƙan Kano suna sayen auduga da tsada, ba su bar wa Turawa da yawa ba. Manoma kuma suka duba suka ga gyaɗa ta fi musu. Tana yi a jigawa, tana gyara ƙasa, in kuma aka yi yunwa ana iya cinta. A Turai kuwa ana neman man gyaɗa don yin sabulu da wani irin man shafa wa burodi. Nan da nan gyaɗa ta cika tashar Kano. A cikin 1913 kaɗai an fitar da fiye da tan 19,000 daga Nijeriya.

To, amma Bature ɗan kasuwa yana zaune a kantinsa ne kusa da tasha. Bai san ƙauyuka ba, bai san manoma ba, bai san wanda zai ba bashi ya biya ba. Tilas sai ya nemi attajiran gari, waɗanda suke da yara a ko'ina tun zamanin goro. A cikin waɗanda suka fara wannan harka akwai Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. A cikin 1918 Kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Wannan kamfani shi ne daga baya, a 1929, ya haɗu da wani suka zama U.A.C.

Ga yadda cinikin yake tafiya. Kamfani ya ba Alhassan kuɗi tun kaka ba ta yi ba. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, su bazu cikin ƙauyuka da kasuwanni. Manomi ya cire gyaɗarsa, mata su ɓare, a auna, a ɗura a buhu, a ɗora wa jakuna da raƙuma zuwa Kano. Can a aza a sikeli, akawu ya rubuta, lebura su jera. Dukan wannan aiki a kan amana yake tsaye. In yaro ya gudu da kuɗi, ubangidansa ya yi hasara. In attajiri ya kasa cika alkawari, kamfani ba zai sake ba shi ko anini ba. In aka cuci manomi a wurin awo, baɗi sai ya kai wa wani.

A nan Alhassan ya yi fice. Ya san mutane, ya san wanda zai riƙe amana, kuma abin da ya yi alkawari sai ya cika. Wajen 1922 ya riga ya wuce dukan attajiran Kano dukiya. An ce Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 a bankin Turawa na Kano. Yaron da yake jefa wuri a asusu a Bebeji ke nan.

Dalar Gyaɗa

Gyaɗa ta yi ta ƙaruwa har ta fi ƙarfin jirgin ƙasa, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, wanda aka gama a 1945, lokacin da taragai da injuna suka yi ƙaranci. Rumbuna ba su isa ba. Sai aka riƙa jera buhuna a fili, ƙasa da faɗi, sama da tsini, ana hawa ana ɗorawa, har su yi tsawo kamar dutse. Shi ake kira dalar gyaɗa, domin ta yi kama da dutsen Dala na cikin birni. Dala ɗaya takan ci buhu har 15,000. In damina ta matso sai a lulluɓe ta da tamfol. Mutane da yawa sun ce Alhassan ne ya fara jera gyaɗa haka.

Dalar nan ba ta ginuwa sai da ƙarfin lebura. Mutum ya saɓa buhu a kai ko a kafaɗa, ya taka buhunan da aka riga aka jera kamar matakala, ya hau har ƙoli ya aje, ya sauko ya ɗauki wani, tun safe har yamma. Da rani mutane sukan zo cin rani daga ƙauyuka masu nisa don wannan aiki. Saboda haka in ana tuna attajiran gyaɗa, ya kamata a tuna da manoma, da matan da suka ɓare ta, da masu jakuna, da leburan da suka ɗauke ta a kansu.

Halinsa da Ƙarshen Ransa

Duk da yawan dukiyarsa, an san Alhassan da sauƙin kai. Ba ya almubazzaranci, ba ya son a ɓata abu ko ƙanƙane ne. Ya je Makka ya sauke farali, ya kuma biya wa mutane da yawa suka je. Yakan taimaki malamai da almajirai, domin bai manta da zamansa na Bebeji ba. An shigar da shi majalisar Sarkin Kano don ya riƙa ba da shawara.

A zamaninsa Kano ta sake ƙwarai. A cikin 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwan famfo da wutar lantarki, wanda aka kafa injunansa a bakin kogin Calawa. Ruwa da wuta kuwa su ne abincin ma'aikata, in babu su inji ba ya juyawa. Attajirai suka fara tunani, me ya sa za a kwashe auduga da gyaɗa da fatu a kai Turai a sarrafa, sa'an nan a dawo musu da su da tsada? Wajen ƙarshen ransa Alhassan ya shiga cikin attajiran Kano waɗanda suka haɗa jari don su kafa masaƙa ta zamani. Mutumin da ya fara da jaki ya kai ga sa dukiyarsa a inji.

A cikin 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ga jikinsa ya yi nauyi, sai ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su wargaza kamfanin da ya kafa, su riƙe zumunci, su kuma taimaki matalauta. Ran 17 ga watan Agusta na 1955 Allah ya yi masa rasuwa, aka binne shi a gidansa na Sarari. A lokacin ana lissafta shi shi ne mafi dukiya a dukan Afirka ta Yamma.

Abin da ya Biyo Baya

'Ya'yansa suka riƙe wasiyya. Ahmadu ya shugabanci kamfanin har ya rasu a 1960, sa'an nan Aminu ya karɓa. Sanusi ya shahara wajen cinikin gyaɗa da sufurin manyan motoci. Zuriyar ta shiga aikin gine-gine da ma'aikatu iri iri. Alhaji Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya rayu har 2025. Alhaji Aliko Ɗangote, mai ma'aikatun siminti da sukari, jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Tun daga shekarun 1950 ma'aikatu suka fara cika Bompai, kusa da hanyar jirgi, ana matse man gyaɗa, ana saƙa, ana yin takalma da alewa. Da wuri ya yi kaɗan sai aka yanka sababbin filaye a Sharaɗa, daga baya kuma a Calawa, inda majemu na zamani suka yi yawa. Dubban mutane suka sami aiki. Sana'ar da kakanninsu suke yi da hannu a Ƙofar Mata da unguwannin birni, ga jikoki suna yi da inji.

Amma zamani bai tsaya ba. A cikin 1973 aka yi babban fari, a 1975 kuma wata cuta ta faɗa wa gyaɗa ta lalata gonaki. Hankalin ƙasa ya koma kan man fetur. Dalar gyaɗa ta ɓace, filayenta suka zama gidaje da kasuwanni. Daga baya ƙarancin wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha suka sa ma'aikatu da yawa suka rufe, musamman masaƙu.

Irin wannan sauyi Alhassan Ɗantata ya gani sau da yawa a rayuwarsa. Kasuwar Salaga ta watse, yaƙi ya ci garinsu, jirgin ƙasa ya kashe hanyar ayari. Kowane lokaci sai ya duba inda sabuwar hanya ta ɓullo ya bi ta, yana riƙe da abu biyu waɗanda ya koya tun yana almajiri, watau tanadi da amana. Yaran da suke makaranta yau su ne za su sake buɗe ƙofofin da aka rufe a Bompai da Sharaɗa da Calawa, in Allah ya so, in kuma sun riƙe abin da ya riƙe.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Alhassan, kuma me ya sa ake kiransa Ɗantata?
2. Waɗanne kaya fatake suke kaiwa Gwanja, kuma yaya suke lura da goro a hanya?
3. Wace dabara Alhassan ya yi wajen 1906?
4. Me ya sa manoman Kano suka fi son noman gyaɗa da na auduga?
5. Me ya sa aka riƙa yin dalar gyaɗa?
6. Faɗi sana'o'i uku da ake yi a garinku, ka tambayi wani dattijo yadda ake yinsu a da.